Sarkin Yamma: Babbar Ƙafa Ko Faffaɗar Taya?

A ƙauyukan da ke hayin Gulbin Maraɗi ta wajen yamma, keke ba abin wasa ba ne. Shi ne jakin wanda ba shi da jaki, shi ne motar malamin makarantar da aka tura ƙauye, shi ne kuma kantin ɗan tireda mai bin kasuwanni. Ƙaramar hukumar Sarkin Yamma, wadda ita da Safo da Jiratawa da Gabi da Ɗan Isa da Madarunfa suka haɗu suka yi gundumar Madarunfa, ba ta da nisa da birnin Maraɗi in a taswira aka duba. Sai dai mai keke ba da kilomita yake auna hanya ba, da rairayi yake auna ta. Akwai wurin da zai yi gudu har rigarsa ta cika da iska, akwai kuma wurin da tilas ya sauka ya tura, kaya na rinjayarsa, rana na dukansa.

Shekara da shekaru zaɓi biyu ne a gaban mai neman keke a wannan yanki. Ko dai baƙin keke na iyaye da kakanni, mai sirdin fata da birkin sanda, ko kuwa keke mai giya da taya mai ƙuraje, wanda masu ilimin boko ke kira VTT, wato keken da aka ƙera domin kowace irin hanya har da hawan dutse. Yanzu ga na uku ya fara ɓullowa jefi-jefi cikin kayan gwanjo: shi ma mai giya ne, amma ƙafafunsa sun fi na wancan girma, an kuma rubuta 29 a gefen tayarsa maimakon 26 da aka saba gani. Mai sayarwa zai rantse cewa babbar ƙafa ba ta jin rairayi. Mai saye kuwa, musamman ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kamin wata ya ƙare, ya kamata ya san iyakar gaskiyar wannan magana kamin ya rabu da tsohon kekensa.

Abin da ya sa zancen ya zama na yau shi ne mai. Tun daga shekarun 2000 babura ƴan Sin da ƴan Indiya suka cika jihar Maraɗi, kabu-kabu ya shiga kowane lungu, mutane da yawa suka jingine kekunansu a bayan rumbu, domin kuwa man Najeriya da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba. Ranar 29 ga watan Mayu na 2023 sabon shugaban Najeriya, Bola Tinubu, ya ba da sanarwar janye tallafin mai, wannan araha ta kau. Ko da gwamnatin Nijar ta sauko da kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yuli na 2024, wanda ke zuwa aiki kullum da babur ya san abin da mai ke ci daga aljihunsa. Keke ba ya shan komi sai zufar mai shi.

Abin wasan samarin Kaliforniya

Keke mai giya ba domin ɗaukar buhu aka ƙirƙiro shi ba, kuma wannan asali nasa yana biye da shi har yau. A cikin shekarun 1970 waɗansu samari a yankin Marin na jihar Kaliforniya ta Amurka suka riƙa tattara tsofaffin kekunan kamfanin Schwinn na shekarun 1930, masu kaurin taya, suna gangarowa da su daga kan duwatsu domin nishaɗi. A 1976 suka fara tsere a kan wata gangara da suka sa wa suna Repack. Daga cikinsu Joe Breeze ya ƙera keke na musamman domin wannan wasa, Gary Fisher da Charlie Kelly da Tom Ritchey suka mai da abin sana'a, sa'an nan a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda aka ƙera da yawa aka baza kantuna. Kamin a ankara abin ya game duniya: an yi gasar duniya ta farko a Durango a 1990, ya kuma shiga wasannin Olimfik a Atlanta a 1996.

To me ya sa ƙafarsa ta zama inci 26? Ba wani bincike aka yi ba. Ita ce ƙafar da ke jikin tsofaffin kekunan da samarin nan suka tarar, kuma ita ce ake samun faffaɗar tayarta a kantunan Amurka na lokacin. Haka aka zauna shekara 20. Sai a 1999 kamfanin WTB ya fito da faffaɗar taya wadda ke hawa rim ɗin keken tsere na kwalta, aka sa wa wannan haɗi suna 29. Da farko an yi ta yi masa dariya, ana cewa keken dogaye ne. Dariyar ta tsaya a lokacin da Jaroslav Kulhavy, ɗan ƙasar Cek, ya ci gasar duniya a 2011 da zinaren Olimfik na Landan a 2012 a kan irin wannan keke. Wanda ya zo na biyu a Landan, Nino Schurter na Suwizalan, shi kuma a kan wata ƙafa ce ta tsaka-tsaki da ake kira 27.5. Cikin ƴan shekaru manyan kamfanoni suka daina sa ƙafa 26 a kekunansu masu tsada, mutanen Turai suka bi yayi, suka fitar da tsofaffin daga ɗakunan ajiya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin nan gaba za a ga inda tsofaffin suka nufa. (A 2025 ma an fara gwada ƙafa mai inci 32 a fagen tsere. Kasuwa ba ta son abin da ya zauna wuri ɗaya.)

Inci ba ya faɗin gaskiya

Ga abin da mai sayarwa ba zai faɗa ba, wataƙila domin shi ma bai sani ba. Lambar incin da aka rubuta a taya suna ne kawai, ba awo ba ne na ƙwarai. Awon gaskiya shi ne na rim, wato da'irar ƙarfen da taya ke zama a kanta, kuma ana rubuta shi da milimita a gefen kowace tayar kirki: lamba biyu, tsakaninsu ɗan layi, ta farko kaurin tayar, ta biyu faɗin rim daga wannan baki zuwa wancan. Keke mai giya da aka saba da shi, mai 26, rim ɗinsa milimita 559 ne. Mai 27.5 yana da 584. Sabon nan mai 29 yana da 622. Baƙin keke kuwa, irin su Raleigh na Nottingham da ake kira Rali, wanda har masana'anta ya taɓa yi a Kano, da Phoenix na Shangai, da Hero na Ludhiana ta Indiya, wanda aka rubuta wa 28 x 1½, rim ɗinsa milimita 635 ne.

Wato ke nan keken da tsoho ke hawa zuwa sallar Juma'a tun zamanin cinikin gyaɗa ya fi wannan baƙo girman rim da milimita 13. Babbar ƙafa ba sabon abu ba ce a Sarkin Yamma. Da ita aka fara, ƙaramar ce ta zo daga baya. Abin da baƙon ya zo da shi wanda babu a da shi ne haɗa babban rim da taya mai kauri: ta baƙin keke milimita 40 ce, tasa kuwa daga 54 zuwa 60. In an haɗa rim da taya aka auna tsayin ƙafar gaba ɗaya, mai 26 na da wajen milimita 667, baƙin keke 715, mai 29 kuma 730. Tsakanin tsoho da baƙo bai wuce kaurin yatsa ba.

Saboda haka tambayar ta rabu biyu, ba a kuma amsa su da baki ɗaya. Mai baƙin keke in ya koma kan 29, ba girma ya saya ba, kaurin taya da giya ya saya. Mai VTT 26 in ya koma, shi ne ya sayi girma, domin kaurin taya da giya dama yana da su.

Jigawa, geza, fadama

Manoman Maraɗi sun raba ƙasarsu uku tun kamin zuwan malaman gona: jigawa mai rairayi inda gero ke yi, geza mai tauri wadda ruwa ke gudu a kanta, da fadama mai laka ta bakin gulbi inda ake dawa da taba da zogale da kayan lambu. Mai keken da ya taso daga ƙauye zuwa birni ranar Litinin ko Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi, yakan taka dukansu uku kamin tayarsa ta taɓa kwalta, kowace kuwa da abin da take nema daga keke.

A kan geza da hanyar burji mai gargada, babbar ƙafa tana da gaskiyarta. Ƙafa in ta fi girma, dutse ko rami ko saiwar itace yakan zame mata ƙarami, sai ta haye maimakon ta yi karo da shi. Ba ta faɗawa can cikin ƙananan ramuka, kuma in ta ɗauki gudu ba ta saurin sakinsa. Wanda ya yi sa'a guda a kan irin wannan hanya zai ji bambancin a ƙugunsa da wuyan hannunsa. Amma kada a zuzuta. In an yi lissafin kusurwar da ƙafa ke tunkarar dutse mai tsayin santimita 5, tazarar da ke tsakanin 26 da 29 ba ta kai digiri 2 ba. Ga ɗan tseren da ke neman daƙiƙa goma a cikin sa'a ɗaya da rabi, wannan dukiya ce. Ga malamin da ke son ya isa aji kamin a buga ƙararrawa, sauƙi ne dai, ba juyin zamani ba. Haka nan maganar da ake yi cewa babbar ƙafa ta fi cin hanya: gaskiya ne, kowane juyi ɗaya tana tafiyar mita 2.29 inda ƙaramar ke yin 2.09, amma santimita 20 ɗin nan ba kyauta ba ce, da ƙarfin cinya ake biyanta, musamman wajen tashi daga tsaye da wajen hawa gangaren gulbi da kaya a baya.

A jigawa ne zancen ya fi daɗi, domin nan ne kowa ke shan wuya, balle cikin watannin bazara, sa'ad da amalanke da garken shanu suka gama tone hanya ta zama gari. Abin da ke sa keke nutsewa cikin rairayi shi ne nauyi mai yawa a kan wuri ƙanƙane. Faɗin wurin da taya ke taka ƙasa kuwa, iskar da ke cikinta ce ke yanke shi. A ɗauki mutum da kekensa da ɗan kayansa, duka kilo 100. In an ɗura wa tayoyinsa iska kilo 4, kamar yadda siririyar taya ke bukata, to duk nauyin nan a kan fili mai kimanin santimita 25 murabba'i yake zaune, wanda bai kai rabin tafin hannu ba, sai tayar ta yanka rairayi kamar wuƙa. In an rage iskar zuwa kilo 2, filin ya ninka. Sai dai siririyar taya ba ta yarda a rage mata iska: da ta hau dutse rim zai cije tiyub, wato robar ciki, ya huda shi wuri biyu kamar sarar maciji. Mai kauri ita ce ke jure ƙarancin iska. Raƙumi ba da tsawon ƙafa yake cin Sahara ba, da faɗin tafinsa ne.

An taɓa gwada wannan a ƙasar nan tun kamin sunan VTT ya iso. A 1980 wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya tashi daga Damagaram zuwa Tamanrasset ta Aljeriya a kan keken da ya sa aka yi masa da tayoyi masu kauri ƙwarai, a 1986 kuma ya sake ratsa Sahara da keke mai ƙafa 3 a jere da tayoyin gwaji na kamfanin Michelin. Bai nemi dogayen ƙafafu ba, faɗi ya nema da ƙarancin iska. Daga baya a Amurka aka ƙera kekunan ƙanƙara da rairayi masu taya inci 4, irin Pugsley da kamfanin Surly ya fitar a 2005, kuma a kan rim 26 aka ɗora su.

Ba a ce girma ba shi da amfani ko kaɗan a rairayi ba. Sawun babbar ƙafa ya fi tsawo, ba ta kuma tara tudun rairayi a gabanta kamar ƙarama, don haka in kauri ɗaya ne, iska ɗaya ce, 29 zai ɗan fi 26 nisa kamin mai shi ya sauka. Amma mai 26 da ya sayi taya mafi kauri da gangar kekensa za ta ɗauka, ya kuma koyi sassauta iska in ya zo jigawa, ya sami mafi yawan wannan riba da kuɗin taya biyu kacal. Akwai kuma rairayin da babu keken da ke ratsa shi, kowa ya sauka.

Fadama da damina ba ta bar wa kowa abin alfahari ba. Laka takan cika tsakanin taya da gangar keke har ƙafa ta ƙi juyawa, kuma tayar da ta fi ƙuraje ita ta fi kwasa. Nan abin da sabon keke ya fi da shi ba girma ba ne, birkinsa ne: na faifai ne a tsakiyar ƙafa, nesa da taɓo, yana kamawa ko cikin ruwa, alhali birkin sanda da ke matse rim in ya jiƙe sai addu'a.

Buhu ba ya kallon ado

Ɗan kasuwar ƙauye ba kansa kaɗai yake ɗorawa a keke ba. Tiyoyin wake ne, ko aya, ko jarka 4 ta lita 25, ko damin itace, ko kejin kaji, wani lokaci buhun gero sukutum mai kilo 100, mai shi yana tafe a ƙasa yana turawa. Baƙin keke domin irin wannan aka yi shi, ko kuwa a ce shekaru sun mai da shi haka. Gangarsa baƙin ƙarfe ce, in ta tsage mai walda na bakin kasuwa zai ɗinke ta, ya kuma ƙara wa kariya rodi biyu ta zama kamar gado. Ƙafarsa ta baya ko da take babba tana da ƙarfi, domin wayoyinta masu kauri ne, 36 ko 40, sun kuma jingina daidai wa daida ta dama da hagu, tun da babu tarin haƙoran giya da ya ture su gefe.

Ƙafar keke mai giya ba haka take ba. Haƙoran giya sun cinye wuri a ɓangaren sarƙa, sai wayoyin wannan gefe suka miƙe tsaye suna ɗauke da mafi yawan nauyi. In ƙafar ta ƙara girma, wayoyin suka ƙara tsawo, raunin sai ya ƙaru. Shi ya sa 29 mai araha ke saurin karkacewa in an yi masa lodi. Su kansu masu ƙerawa sun san da haka, domin wajen 2015 sun faɗaɗa cibiyar ƙafar baya zuwa milimita 148 don su ba wayoyin wurin jingina. Gyaran ya yi, amma ya haifi wata matsala ga mai sayen gwanjo: ƙafar wannan 29 ba lalle ta shiga gangar wancan 29 ba. Bugu da ƙari, gangar yawancinsu ta alminiyom ce, wadda na'urar walda ta bakin hanya ba ta iya mata komi, da yawa kuma ba a bar musu ko hudar ɗaura kariya ba, domin wanda aka ƙera wa su gorar ruwa ce kaɗai kayansa. Gwafar gaba mai sifirin tana da daɗi a gargada, amma ƙura na shiga cikinta, ranar da ta ƙafe kuma ta zama nauyin banza.

Akwai abin lura a nan. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta zauna ta ƙera keke musamman domin ƙauyukan Afirka, ta sa masa suna Buffalo, ta rarraba shi a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya da Malawi da Zimbabuwe ga ƴan makaranta da ma'aikatan lafiya da masu kai madara. Baƙin ƙarfe ne, kariyarsa an yi ta don kilo 100, asalinsa kuma giya ɗaya gare shi. Ƙafar da suka zaɓa masa inci 26 ce.

Ranar da taya ta fashe

Duk abin da aka faɗa a sama ana iya jayayya a kansa. Wannan kuwa babu jayayya: keke yana raye ne muddin ana samun kayansa a inda ya lalace. Hanyoyin Sarkin Yamma cike suke da tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, faci kuwa abincin yau da gobe ne. Mai gyaran keke na gindin bishiya yana da tayar baƙin keke da ta 26 a rataye, yana da tiyub da wayoyi da sarƙa da ƙwallayen cibiya, domin Indiya da Sin suna ƙera su da yawa, suna shigowa ta Kano da Katsina da Jibiya har Ɗan Isa. Yawan 26 kuma yana da dalili: kekunan nan da Turawa suka fitar sa'ad da yayin 29 ya kama su, da yawansu kwantena aka zuba su aka nufo tasoshin Kwatano da Lome da Legas. Abin da ya tsufa a can shi ya wadata a nan, gawar wani kuma takan ba wani kayan gyara. Mai 29 shi ne ya riga kasuwa isowa. Wata rana kayansa za su yawaita, in na Turai sun gaji da shi kamar yadda suka gaji da na baya, amma mai keke ɗaya tak ba ya iya jiran wata rana.

Hanyar kayan ma ba kullum take a buɗe ba, ƴan kasuwar Maraɗi sun fi kowa sani. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 an sake rufe ta har zuwa Maris na 2024, gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya ita ma ta rufe, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. A irin wannan lokaci kayan da kowa ke amfani da su sukan yi tsada amma ana samu, na ƙwalisa kuwa sukan ɓace ɗungum. Waɗanda suka ga Janairun 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya, kayan waje suka ninka kuɗi ga kuma albashi na makara wata da watanni, ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan hatsarin mallakar abin da ba ya rayuwa sai da kayan Turai.

Sabbin 29 na ƙwarai sun ƙara nisa da mai gyaran ƙauye ta wasu fuskoki. Sarƙarsu siririya ce domin giya 11 ko 12 da aka jera a baya, rairayi na cinye ta da wuri, kuma sarƙar giya 6 ko 7 da ake samu ko'ina ba ta zama a madadinta. Birkin wasu da mai yake aiki ba da waya ba, in ya tsiyaye sai mai kayan aiki na musamman. Wasu ma babu tiyub a cikinsu, wani farin ruwa ake zubawa mai toshe hudar ƙaya da kansa, abin da a ƙasar tsidau ya yi kama da mafarki; sai dai ruwan yana bushewa cikin ƴan watanni, zafin Afrilu kuma ya fi gaggauta shi. Batun kuɗi kuwa, a ɗauki keken Yuro 500, wanda a kantin Faransa ba a lissafa shi cikin masu tsada: a kan canjin sefa 655.957, jika 328 ke nan ba kaɗan, kamin kuɗin jirgi da na duwan, alhali mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a Nijar daga Janairun 2024 jika 42 ne. Na gwanjo ya fi haka sauƙi ƙwarai, amma cinikin biri a sama ne in mai saye bai san abin da zai duba ba. Akwai kuma waɗanda aka rubuta wa 29 da manyan baƙaƙe, sababbi fil, masu walƙiya da nauyi kamar ƙofar gari, waɗanda ƙarfensu bai kai na tsohon 26 na gwanjo ba.

Lalacewar keke a hanya ba ƙaramin abu ba ne a wannan gunduma. Tun wajen 2019 ƙauyukan kan iyaka na Madarunfa da Gidan Rumji suka sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa, jama'a suka koyi komawa gida kamin duhu. Ma'aikacin gidan likita da ya fita rigakafi, ko malamin da ya je birni karɓar albashi, ba ya son magariba ta riske shi yana tura keken da babu mai tayarsa sai Maraɗi.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi

Akwai wanda canjin zai yi wa rana. Ma'aikaci dogo, wanda hanyarsa burji ce da geza, kayansa jakar takardu, yana kuma shiga birni a kai a kai inda zai iya ajiye taya da tiyub na ko-ta-kwana, in ya sami 29 mai sauƙin giya da birkin waya, zai huta, ba kuwa zai so komawa baya ba. Wanda ya taso daga baƙin keke zai fi kowa jin daɗi, ko da yake rabin daɗin na giya ne da taushin taya, waɗanda 26 ma zai ba shi. Gajere kuwa ya gwada tsayawa da keken a tsakanin ƙafafunsa kamin ya biya, ya kuma tuna cewa keken gida ba na mutum ɗaya ba ne: yaron da za a aika niƙa da yarinyar da ke zuwa kwaleji a garin gaba su ma a kansa za su hau. Ɗan kasuwa mai lodi shi kam ba shi da abin nema a wurin. Kuɗin da zai ƙara ya karɓi baƙon, in ya sa su a sabbin wayoyi masu kauri da taya biyu na kirki da kariya mai rodi, tsohon kekensa zai kai shi shekaru.

Wanda ya riga ya saya, ko ya ƙudura sai ya saya, akwai abin da zai rage masa wahala. Ya manta da inci, ya haddace 622. Tayar baƙin keke, mai 635, ba za ta zauna a rim ɗinsa ba ko da mai kanti ya ce 28 da 29 ƴan uwa ne. Amma kekunan gari na Turai da ke zuwa cikin gwanjo, waɗanda su ma 28 ake rubuta musu ko 700C, rim ɗinsu 622 ne; tayarsu mai lamba 47-622 za ta hau, ta kai shi gida, ko da ba za ta yi masa komi a jigawa ba. Tiyub na 26 in an ɗan hura shi aka ja a hankali yakan shiga ƙafar 29 ranar da babu wani. Saura bakin iska: da yawa daga cikin waɗannan kekuna suna zuwa da siririn baki irin na Faransa, wanda famfon mai faci na ƙauye ba ya kamawa, hudarsa a rim kuma milimita 6 ce da ɗoriya. In rim ɗin mai faɗi ne, mai gyara zai iya buɗa hudar zuwa milimita 8 da rabi, ya goge bakinta kada ta yanki roba, daga nan tiyub mai baki irin na babur ya shiga, kowane famfo na bakin hanya ya ba shi iska.